Inda kwalta ta ƙare: Nauyin da ke kan ayarin motocin gwamnati a cikin rairayi

Da asuba, kafin cunkoso ya kama hanyoyin Garki, akan ga Hilux uku ko huɗu sun jeru a harabar tsohuwar sakatariyar tarayya da ke Area 1, ko a ƙofar wata hukuma a Area 11, an ɗaure kaya a baya, direbobi na goge gilashi. Aikin duba ayyuka ne, ko rabon kayan agaji, ko sa ido kan shukar Babbar Katangar Itatuwa da hukumarta ke lura da ita a jihohi 11 na bakin hamada. Takardar tafiya ta fita, alawus ya shiga, an ware kuɗin mai da na masauki. Abin da ba kasafai ake zama a tsara ba shi ne abin da zai biyo baya idan an wuce Gashuwa, aka nufi Yusufari da dausayin Tulo-Tulo a arewacin Yobe, inda kwalta ke ƙarewa, sabis na waya ya ɗauke, hanya ta koma sawun tayar wanda ya riga ka, in iska ba ta share shi ba.

A nan ɗabi'ar da kwambar manya ta saba da ita a titin Abuja take zama haɗari. A birni, motar oga ke gaba ko tsakiya, kowa na gudu don kada a bar shi, wanda taya ta fashe masa kuma sai ya biyo baya in ya gyara. Ko a kwalta wannan ɗabi'a ta ci rayuka. Ma'aikatan da suka daɗe ba su manta da rasuwar Farfesa Festus Iyayi ba, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, a watan Nuwamba na 2013 kusa da Lokoja, lokacin da motar da yake ciki ta yi karo da wata daga cikin ayarin gwamnan Kogi. A cikin rairayi kuwa, ba a bukatar karo. Ya isa a bar mota ɗaya a baya.

Makonni kaɗan kafin wancan haɗari, a ƙarshen Oktoban 2013, an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu Hausawa ne daga yankin Kance na jihar Damagaram, waɗanda suka taso daga Arlit a motoci biyu da nufin isa Tamanrasset. Motocin suka lalace, ruwa ya ƙare, mutane suka watsu ƙungiya-ƙungiya suna neman rijiya da ƙafa. An same su a warwatse, wasu a gindin 'yan itatuwa, uwa da 'ya'yanta. Gwamnatin Nijar ta ayyana zaman makoki na kwana uku. A 2017 kuma wasu 44, ciki har da 'yan Najeriya da 'yan Gana, suka mutu da ƙishirwa a tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta mace. Ma'aikacin gwamnati zai ce shi ba ɗan ci-rani ba ne, motarsa sabuwa ce, yana da rakiya. Gaskiya ne. Amma abin da ya kashe waɗancan bayin Allah abu uku ne da ba su san matsayin kowa ba: mota ta tsaya, ruwa bai kai ba, kuma babu wanda ya san daidai inda suke. Ɗan firaministar Ingila ma, Mark Thatcher, kwana shida ya yi a ɓace a hamadar Aljeriya a tseren Paris zuwa Dakar na 1982, sai da jirgin soja ya gano shi.

Bahaushe ba baƙon wannan ilimi ba ne. Fataken da suka yi ƙarnuka suna kai-komo tsakanin Kano da Gwanja ba sa tashi sai da madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Da jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya da zango. Da uban dawaki, mai lura da kaya da tsarin tafiya. Ayarin gishiri na Buzaye da ke ratsa Tenere daga Abzin zuwa Fachi da Bilma, har yau madugu ke jan sa, kuma ba don dukiya ko sarauta ake ba shi wannan matsayi ba, sai don ya san rijiyoyi da taurari. Abin lura ga hadimi shi ne, mai kaya mafi yawa a ayari ba shi ne madugu ba. Darakta na iya zama shugaban tawaga a takarda, amma daga inda rairayi ya fara, ɗan gari da ya san hanya da direban da ya fi kowa gogewa su ya kamata a saurara. Aikin hadimi mafi wuya a irin wannan tafiya shi ne ya faɗa wa oga wannan cikin ladabi, tun ana Garki, ba sai an kafe ba.

Ƙa'idar farko ta masu tuƙin hamada ta saɓa wa ta birni gaba ɗaya: kowane direba nauyin motar da ke bayansa ne a kansa, ba ta gabansa ba. Idan ta ɓace daga madubi, ya tsaya. Na gabansa ma zai tsaya saboda dalili ɗaya, har saƙon ya isa ga jagaba ba tare da an buga waya ba. A mararraba ba a juyawa sai an ga ta baya ta ga inda aka bi. Mota mafi lafiya, wadda ke ɗauke da bakanike da igiyar ja da shebur da safaya, ita ake sawa a ƙarshe, domin ita ce ke tsintar kowa. Kuma ba a shiga da mota ɗaya, komai sabuntarta.

Sai taya. Iskar da ta dace da kwalta tana sa taya ta nutse a yashi, don haka ake rage ta zuwa kusan rabi domin ta shimfiɗu, a kuma riƙe famfo don mayar da ita kafin a hau titi, in ba haka ba zafi ya fasa ta. Direban da ya ji mota ta fara nutsewa ya ƙara taka totur, rami yake haƙa wa kansa. Abin yi shi ne a ɗaga ƙafa, a sauka, a share gaban tayoyi. Tudun rairayi yana da fuska biyu: wadda iska ke bugawa tana da sauƙin hawa, ɗayar kuwa gangare ne mai tsayi da ba a ganin sa sai an kai ƙoli. Shi ya sa mota ɗaya ke hawa a lokaci guda, ta baya ba ta tasowa sai an ba ta alama, kuma ba a yankar tudu a karkace, nan mota ke kifewa. Da sanyin safiya yashi ya fi tauri. Tafiyar da aka jinkirta saboda taron ban-kwana da ɗaukar hoto, ita ke riskar rairayi da tsakar rana, lokacin da ya yi laushi, injin kuma ke tafasa.

Ruwa kuwa ba a ƙirga shi da tsawon tafiyar da aka shirya, sai da kwanakin da za a iya yi in abu ya ɓaci, kuma a raba jarkoki a kowace mota, kada a tara a guda. Lissafin ya haɗa da direbobi da jami'an rakiya, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su idan ana sayen katan-katan na manya. Idan mota ta mace, a zauna tare da ita, a yi inuwa. Mai nema daga nesa ko daga sama mota yake hangowa, ba mutum mai tafiya shi kaɗai ba. Kafin a tashi kuma, wani a ofis da wani a hedikwatar ƙaramar hukuma su san hanyar da za a bi da sa'ar da ake sa ran fitowa, su kuma san wanda za su kira in sa'ar ta wuce. A yankin da matsalar tsaro ba ta gama kwanciya ba, wannan yana da muhimmanci ninki biyu, haka ma wayar tauraron ɗan'adam irin ta Thuraya.

Akwai kuma haƙƙin masu wurin. Abin da baƙo ke gani fili ne da babu kowa, gonar gero ce ta wani Bamange, ko burtalin makiyayi, ko shukar da aka yi shekaru ana ban-ruwa don ta riƙe tudu kada ya binne ƙauye. Ayarin da ya ratsa gari a guje ya bar ƙura a kan abincin mutane, bai tsaya ya gai da bulama ba, ya wanke mota a bakin rijiyar da dabbobi ke layi, ya zubar da robobi a dausayi, shi ne zai dawo bayan awa biyu yana neman matasan garin su zo su tura. Za su zo, amma za su tuna da lambar gwamnati da ke jikin motar.

A tsakiyar Tenere an taɓa yin wani itacen ƙaya guda ɗaya, babu ɗan'uwansa sai an yi tafiya mai nisan gaske. Ayarin Buzaye sun yi zamani bayan zamani suna yada zango a gindinsa, ba wanda ya sare reshe don hura wutar shayi, ba wanda ya bar raƙuminsa ya ci ganyen. A 1973 wani direban babbar mota ya buge shi ya karye. Gungumen yana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a wurin da yake kuwa an kafa wani na ƙarfe.