Dakta Bala Usman Da Masu Raba Kan Talakawa

A ƙasashen Turai akwai masana waɗanda aikinsu ke nan, bin diddigin jawaban 'yan siyasar da ke ɗora wa baƙi laifin kowace wahala, irin su Jean-Marie Le Pen na Faransa. Mu ma a nan Arewa mun yi namu masanin, watau marigayi Dakta Yusufu Bala Usman.

An haife shi a Musawa cikin 1945. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, sa'an nan Jami'ar Lancaster ta Ingila. Daga baya ya kama koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya zama dakta da bincikensa kan tarihin Katsina.

Abin da ya kamata malamai su lura da shi, shi ne littafinsa na 1987 a kan yadda ake juya addini domin siyasa. Hujjarsa ita ce, babban mutum in ya ga talakawa za su tambaye shi inda dukiyarsu ta shiga, sai ya nuna musu maƙwabcinsu ya ce ga abokin gaba. Domin haka bai tsaya ga daɗin lafazi ba, yakan bincika wa ya faɗa, yaushe, wa kuma ya ci riba. A shekarar nan ce rikicin Kafanchan ya tashi, daga kwalejin horon malamai kuwa, abin kunya gare mu ma'aikatan ilmi.

Mutanen Barnawa, kudu da Kogin Kaduna, sun ga gaskiyarsa bayan tarzomar 2000, sa'ad da iyalai suka yi ta ƙetare gada da kayansu, Musulmi suna yin arewa, Kirista kudu. Ya rasu cikin 2005.