Zafin Ɗakin Haya a Jikwoyi da Ƙa'idar Ginin 2017

A watannin Maris da Afrilu, ɗakin haya a Jikwoyi da ke Abuja kan riƙe zafin rana har tsakar dare. Dalilin yana bisa kai: kwano ne a kan bulon siminti, wani ɗakin da ɗan silin marar kauri, wani ko shi babu. Wuta na ɗaukewa fanka ta tsaya, sai a ja tabarma zuwa waje.

Alhali kuwa Najeriya tana da ƙa'ida a kan wannan. A 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje, zamanin Minista Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da kundin tsimin makamashi a gine-gine da taimakon hukumar GIZ ta Jamus. Abin da ya nema ba mai wuya ba ne. A shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano. Tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na bango, in sun wuce a yi musu inuwa. Fitilun gida kada su ci fiye da wat 6 a kowane murabba'in mita, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta zama mai tsimin wuta. Gbagyin da suka daɗe da zama a wannan yanki sun san rabin wannan darasi, domin bangon ƙasa da jinkar ciyawa ba sa tara zafi.

To ina gizo ke saƙar? Wanda ya gina ba shi ke biyan kuɗin wuta ba. Mai gida yana lissafin buhun siminti da bandir ɗin kwano, ɗan haya ne zai yi ta zuba kuɗi a mitar kamfanin wuta na AEDC, ya kuma sayi fetur ɗin janareta, wanda ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Ga shi gidaje da yawa a kan hanyar Nyanya zuwa Karshi sun tashi ba tare da taswirarsu ta bi ta sashen kula da gine-gine na Abuja ba, balle wani jami'i ya tambayi abin da ke ƙarƙashin rufi.

A ganina, ƙofar shiga ita ce birkila da kafinta, su da mai gida ke jin maganarsu ranar ɗora rufi. A koya musu tsawaita bakin kwano ya yi wa bango inuwa, da buɗe tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, da rage na ɓangaren yamma. Ƙaramar hukumar AMAC ta Abuja kuma ta sassauta harajin gida ga duk wanda ya sa abin tare zafi a rufinsa.