Maganin da ke zama cikin ido har wata 30

Wani lokaci garkuwar jiki takan juya ta afka ma mai ita. In ta faɗa ma ido, cikinsa ya kumbura, gani ya dushe, har a kai ga makanta. Likitoci sun daɗe suna kwantar da ita da kortizon. Sai dai shan ƙwayar shekara da shekaru na jawo hawan jini, ciwon sukari da raunin ƙashi: ido guda ke ciwo, jiki duka ke biyan diyya.

Don haka masana suka nemi ajiye magani inda ciwon yake. A 2005 Amurka ta amince da Retisert, ɗan ƙullin da bai fi ƙwayar shinkafa ba, wanda ake ɗinkewa cikin ido yana sakin magani kaɗan-kaɗan tsawon wata 30. A 2009 aka samu Ozurdex, wanda ake sakawa da allura, ya narke da kansa, aikinsa na iya kai wata 6.

Amma akwai farashi. Kusan duk wanda aka dasa ma Retisert yakan yi yanar ido, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku sai an yi masu aiki saboda hawan jinin ido. Wanda ya karɓi dashe, to, bai rabu da likita ba.