Karen da Aka Ba Amanar Tumaki

Bahaushe ya ce ba a ba kura ajiyar nama, amma makiyayan tsaunukan da ke kan iyakar Ingila da Sikotland sun daɗe suna damƙa garkensu ga jikan kyarkeci, kuma tumakin na komawa gida cif-cif. Karen nasu, wanda ake kira Border Collie, ba shi da girman a zo a gani. Galibi baƙi ne mai farin wuya da farin ƙirji. Abin kallo shi ne yadda yake tunkarar tumaki: kai a sunkuye, kafaɗu a ƙasa, wutsiya a sake, ya kafe su da ido yana sanɗa, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye a hankali. Duk wanda ya san farauta ya san tafiyar mai shirin kamu ce. An ce in ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi, to wannan karen ya kauce wa maganar, domin yakan kewaye, ya sanɗa, ya kora, amma in an zo gaɓar cizo sai ya tsaya. Tsayawar nan ita ce jarin makiyayi, kuma gasar karnukan kiwo ce ma'aunin da ya tsare ta shekara fiye da 150.

A Birtaniya an fara gasar a garin Bala na yankin Wales a 1873, aka kafa ƙungiyar karnukan kiwon tumaki ta ƙasa da ƙasa a 1906. Tsarin gasar aikin makiyayi ne aka taƙaita. Ana ajiye tumaki biyar a nisan yadi 400, mai kare ya tsaya jikin wani turke, ba shi da abin taimako sai fito da murya. Karen zai yi dogon zagaye ya ɓullo ta bayansu ba tare da ya firgita su ba, ya taso su miƙe zuwa ga ubangidansa, ya sake kora su gaba ta tsakanin ƙofofi, ya ware waɗanda aka nuna masa, sannan a shigar da su ɗan shinge, duk cikin minti 15. Alƙalai na rage maki a kan kowace karkata. Karen da ya kai wa tunkiya cizo babu dalili kuwa, fitar da shi ake yi nan take. Wanda ya yi fice a nan, 'ya'yansa ake rububi, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Old Hemp, karen da Adam Telfer ya samar a Northumberland a 1893, ya yi suna da aiki shiru ba haushi, kuma jininsa na gudana a jikin karnukan wannan jinsi har yau.

Akwai masu cewa gasa wasan masu hali ce, tunda tumaki biyar a shimfiɗaɗɗen fili ba ɗaya suke da ɗaruruwa a kan tsauni cikin hazo ba. Maganar na da ƙanshin gaskiya, don ana samun karen da ya saba da umarni har ba ya iya yanke shawara da kansa. Sai dai masu gasar sun san da haka. A zagayen ƙarshe na babbar gasarsu tumaki 20 ake rabawa gida biyu a nisan kusan yadi 800, kuma bayan kare ya taso kashin farko, fito ɗaya zai sa ya bar su ya juya neman na biyu da ƙila bai ma hango ba. Karen da ba shi da basirar kansa ba ya tsallake wannan. Kuma in an soke gasar, da me za a auna? Da kyan gashi da tsayuwar kunne, irin na bajekolin karnukan ado. Shi ya sa makiyaya da dama a Amurka suka yi adawa sa'ad da babbar ƙungiyar karnuka ta ƙasar ta sanya wannan jinsi cikin rajistarta a 1995: sun ji tsoron a riƙa haɗa iri don kyan gani, aiki ya bi ruwa.

Wasu kuma tumakin suke tausayawa. Tausayin a kan hanya yake, amma ƙa'idar gasar na tare da su, tunda karen da ya sa tumaki gudun fitar rai maki yake asara, mai tafiyar da su a natse shi ke ci. Mu da muka gaji ƙyamar kare ma bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Shari'a ta halatta abin da horarren kare ya kamo wa mai shi, hadisi kuma ya yarda a ajiye kare don farauta ko tsaron dabbobi ko gona. Malaman fiƙihu suna gane horarren kare ne da cewa in an aike shi ya tafi, in an tsawatar masa ya tsaya, kuma waɗannan biyun ne alƙalin gasa ke zuba wa ido tun daga fiton farko har a rufe ƙofar shinge.