Shuka Daban, Dashe Daban

Ina duba insha'in ɗalibaina a makon nan sai na ci karo da wannan jimla: "Babana yana jiran ruwa ya tsagaita ya ciro tumatir daga fangali ya shuka a gona." Kai ka ce lafiya lau take, amma karanta wa manomi a Dawakin Tofa ka ji, nan take zai ce akwai gyara.

Ƙwaya ake shukawa: gero, dawa, wake, gyaɗa. Tsiron da aka yi rainonsa a wani wuri aka ciro shi aka kai gona kuwa, dasa shi ake yi. Tumatir, tattasai, attaruhu da albasa duk sai an yafa irinsu a fangali tukuna. Tumatir kan yi kamar mako 4 a nan, tattasai ya kai mako 6, sannan a yi dashe.

Ka lura: dasa, amma dashe. Baƙin "s" kan koma "sh" a gaban wasalin "e" ko "i". Wannan shi ne ganɗantawa, kamar a fasa da fashe, gasa da gashi.

To, me ya sa baban yake jira, alhali ruwa manomi ke roƙo? Saboda marka ce, wato ruwan da kan wuni yana zuba, galibi a watan Agusta. In ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, iska ba ta isa ga saiwa. Ɗan tsiron da aka ciro, saiwarsa ta riga ta ji rauni, sai ta ruɓe. Wahalar wata guda ta tafi a banza ke nan. Sauri ya haifi nawa.

Jiran ma yana da iyaka. In iri ya daɗe a fangali sai ya zanƙale, ko an dasa ba ya saurin kamawa. Shi ya sa ake dunƙula ƙasa a hannu: in ta yi taɓo, a dakata, in akwai laima amma tana marmashewa, a dasa a kan kunya da yamma, in rana ta yi sanyi.

Saboda haka jimlar sai ta koma: "...ya dasa a gona."

Ku a garinku marka kuke cewa ko malka?