Hadarin gabas: labarinsa yana riga shi isowa



Idan watan Mayu ya kama, zafi ya kai iyaka, kowa ya gama sassabe, idonmu duka yana gabas. Muna jiran ruwa. Amma kun sani, ruwan farkon damana ba ya zuwa shi kaɗai. Iska ce ke shiga gabansa, kuma sau da yawa ita ce ke yin ɓarna tun ɗigo ɗaya bai sauka ba.

Faransawa da suka zauna ƙasarmu suna ce wa wannan hadari "tornad". Sunan yana ruɗa waɗanda suka yi lakkwal, domin a ƙasar Amurka akwai wata guguwa mai wannan suna. Ita tasu siririya ce, tana saukowa daga girgije tana juyawa kamar mazari, tana tumɓuke gida dungum. Sama da 1,000 ake gani can kowace shekara. Gargaɗinta ba ya wuce ƴan mintoci, sai a busa jiniya, mutane su ruga ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Namu hadarin ba haka yake ba. Shi jeri ne na gizagizai, tsawonsa yana kai ɗaruruwan kilomita, kuma yana da hanya sananniya: daga gabas yake tasowa, ya nufi yamma. Sau da yawa yana haɗuwa da rana tsaka bisa duwatsun Abzin ko tudun Jos. Mafi yawan ruwan da hatsinmu ke sha daga irin wannan hadari yake fitowa, saboda haka ba abokin gaba ba ne. Baƙo ne mai zafin rai, a san yadda za a tarbe shi.

To, ga inda ribarmu take. Tafiyarsa wajen kilomita 50 zuwa 60 ce a awa guda, kamar motar kaya bisa hanyar laterit. Tsakanin Damagaram da Maraɗi akwai kilomita 200 da ɗoriya. Ke nan hadarin da ya bugi Damagaram da la'asar, in bai watse ba, sai wajen isha'i zai kai Maraɗi, ya wuce Madawa da Ƙwanni cikin dare. Awa huɗu ba wasa ba ce. Ta isa a kawo bisashe gida, a kwashe shanya, a kira yara daga daji.

Wa zai ba mu labarin? Ma'aikatar meteyo ta ƙasa, a Yamai, tana duban hotunan da tauraron ɗan adam ke aikowa kowane ƴan mintoci, dare da rana. A Yamai ɗin kuma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari. Tare da ma'aikatun meteyo na ƙasashen Sahel, kowace shekara kafin damana suna faɗin yadda suke tsammanin ruwan bana zai kasance. Wannan hasashen shekara ne, yana taimako wajen zaɓen iri, amma ba zai gaya maka ranar da kwanon ɗakinka zai tashi ba. Abin da ya kamata a kasa kunne gare shi shi ne sanarwar kowace rana a Muryar Sahel da gidajen radiyon karkara. Mai radiyo ya tanadi batir tun yanzu. Mai talho kada ya bari cajinsa ya mutu da marece.

Akwai wata ƙorafi da nake ji kusan kowane gari: "Malam, radiyo ta ce za a yi ruwa, ga shi ko ɗigo." Gaskiya ne, hakan yana faruwa. Sanarwa ta jaha ce gaba ɗaya, ba ta gonar mutum ɗaya ba. Hadari yakan karkata, yakan mutu bisa hanya, wani kuma ya haihu a inda ba a zata ba. Wanda ya ɗaure jinkarsa iska ba ta zo ba, me ya rasa? Igiya ce, tana nan. A ganina kuma, bayan radiyo babu abin da ya kai ɗan uwa na gabas. In kana da suruki ko abokin kasuwa a garin da ke gabas da ku, ku yi alkawari ya buga maka waya da zarar hadari ya wuce su, kai ma ka buga wa na yamma. Wanda ya samu labari ya sanar da mai gari, a yi shela. Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, wannan aikinku ne, ku ne za ku karanta wa jama'a saƙon da ya shigo talho.

Idan gabas ta yi baƙi, sa'an nan ka ga jan bango na ƙura yana tasowa, iska ta ɗauke cak, tsuntsaye sun yi tsit, to lokacin shiri ya ƙare. Sanyin da zai bugo ka shi ne bakin hadari. Ƙarfin wannan iska yakan zarce kilomita 100 a awa. A kashe wutar murhu nan take, domin garwashi ɗaya cikin darni ya isa ya cinye unguwa. A shiga ɗaki mai ƙwari, kada a laɓe jikin tsohuwar katanga.

Maganar kwano tana buƙatar a tsaya a kanta. Mun saba jera duwatsu da tubali bisa rufi. In iska ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga, kwanon ya zama wuƙa, duwatsun su zubo kan masu gida. Abin da ke riƙe rufi shi ne a ɗaure katakon da wayar ƙarfe, a nutsa ta cikin gini, a buga ƙusa wadatacciya a gefuna da kusurwoyi, can ne iska ke fara ɓamɓara. Jinkar rumbu ita ma a ja mata sabuwar igiya. Yaɓe da gyaran indararo kuwa aikin rani ne, wanda bai yi ba ya yi cikin makon nan.

Sai tsawa. Tsakanin walƙiya da ƙararta, kowane sakan 3 kilomita guda ne. In ka ƙirga ba ka kai 30 ba ka ji ƙara, tana iya kai maka. Kada ka fake gindin gawo ko wani icce da ke tsaye shi kaɗai, kada ka turke bisashe can. Aje hauya, sauka daga amalanke, bar kan tudu. In babu ɗaki kusa, nemi wuri mai ɗan gangare ka tsuguna, ƙafafu a haɗe, mutane su rarrabu. Wanda tsawa ta faɗa wa, babu wuta a jikinsa, ana taɓa shi. A gaggauta kai shi likita.

A gona, iskar nan tana kwasar rairayi ta babbake ƙananan hatsi ko ta binne su, sai an sake shibka. Maganinta mun gan shi da ido. A kwarin Majiya, jahar Tawa, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don kare iska. A jahar Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suke barin tohon itatuwa suna yi masa aski maimakon su tumɓuke. Karan da aka bari kwance a gona shi ma yana riƙe ƙasa.

Bayan iska sai ruwa, kuma shi ma yana kisa. A damanar 2024 ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a ƙasarmu, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a watan Satumba, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Yawancin waɗanda suka rasu, ko ɗakin ƙasa ne ya faɗa musu, ko ruwa ne ya ci su. Ɗakin da ya tsage ko gindinsa ya jiƙe, kada a kwana cikinsa daren hadari, a roƙi maƙwabci wuri. Mutanen bakin Gulbin Maraɗi, Gulbin Kaba da Majiya ku tuna, ruwa yakan zo muku ko da sama tana garau a garinku, domin can nesa aka yi shi. Ƙorama mai gudu, ko iya gwiwa ce, tana kayar da ƙato. Mai dawowa daga kasuwa da amalanke ya jira a wancan ƙetare har ruwa ya janye, ko da zai kwana. Inda akwai ƴan kwana-kwana, lambarsu 18 ce.