Dashen Yusufari Da Alkawarin Faris

A Tulo-Tulo, cikin Ƙaramar Hukumar Yusufari, tuddan rairayi suna ta matsowa kan gonaki da kwarin dabino. Don tare irin wannan ɓarna ne Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Koriyar Ganuwa cikin 2007, daga Senigal har Jibuti. Nufin shi ne itatuwan su zuƙe tan miliyan 250 na iskar kabon, watau hayaƙin da ke ɗumama duniya, kafin 2030. A taron Faris na 2021 aka yi alkawarin fiye da dala miliyan dubu 14.

To, amma kuɗin sun yi nawar isowa. Dashen dakwara kuwa, in ba shinge, ba mai ban ruwa da rani, awaki ke cinye shi tun masu lissafin kabon ba su zo awo ba.